Lup da samfur ko makaɗi na gaske: wanne ya dace da situdiyon cikin gida?

Tambaya: Ina da ƙaramin situdiyo a ɗakina: kwamfuta, manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, sawunkad (na'urar da ke shigar da sautin makirufo cikin kwamfuta) mai ƙofa biyu da makirufo ɗaya. Duk kiɗana da lup da samfur nake haɗa shi, amma ana yawan ce mini ba shi da rai. In ci gaba da su ne, ko in riƙa ɗauko makaɗi yana buga mini?

Amsa: Ɗan'uwa, da kayan da ka lissafa, ga abin da zan ce maka kai tsaye. Gangunan zamani na diram-set, wato kik (babbar gangar da ake bugawa da ƙafa) da siniya (ƙaramar ganga mai zaga) da hayihat (faifan ƙarfe biyu masu buɗewa da rufewa) da sauran faifan ƙarfen nan, ka bar su a samfur. Kalangu, kotso, ƙwarya, duma, shantu da tafi kuwa, ka kira mai bugawa ya buga. Dalilin wannan rabon yana cikin yadda kowace ganga take aiki da kuma irin ɗakin da kake ciki, kuma shi zan warware maka.

Mu fara da raba sunayen, don mutane na cakuɗa su. Samfur bugu ɗaya ne da aka naɗa aka yanke, kamar dum ɗaya na kik, kai ne za ka jera shi inda kake so. Lup kuwa guntun kiɗa ne da aka riga aka buga, na awo biyu ko huɗu (awo shi ne zagaye ɗaya na ƙirgen bugun kiɗa), wanda ke juyawa yana maimaita kansa. Akwai na uku, shi ne lup na MIDI, wanda ba sauti ne a cikinsa ba, umarni ne kawai: buga wannan, a wannan lokaci, da wannan ƙarfi. Na ukun ya fi sauran biyayya, domin kana iya sauya saurinsa, ka cire bugu, ka ƙara bugu, ka canza gangar baki ɗaya, ba tare da sautin ya lalace ba. Kuma kada wani ya sa ka ji kamar aiki da samfur ha'inci ne. Tun 1980 Roger Linn ya fitar da na'urar LM-1 mai ɗauke da sautin gangunan gaske da aka naɗa, a 1988 kuma Akai ta fitar da MPC60, kuma waƙoƙin da aka gina a kan irin waɗannan na'urori ba sa ƙirguwa. A situdiyoyin Kano ma, a kan fiyanon Yamaha aka gina kiɗan waƙoƙin fim, gangunan da ke cikinsa kuwa samfur ne.

To me ya sa na ce ka bar diram-set? Saboda ɗaki. Wanda ya naɗi diram-set, ɗakin ya naɗa tare da ita, ko yana so ko ba ya so. Ɗauki ɗakin da aka saba ginawa, ƙafa 12 tsawo ƙafa 12 faɗi, bangon bulo da filasta, ƙasa tayil ko siminti. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Tsakanin bango biyu masu nisan mita 3.66, sautin da ke wajen 47 Hz (Hz ma'aunin murya ne: ƙaramar lamba sauti mai kauri, babba siriri) zai riƙa kai da komo yana ninka kansa, haka 94 Hz da 141 Hz. Tun da tsawo da faɗi ɗaya ne, ninkin sau biyu ne a wuri guda. Nan ne kuma kik da manyan ganguna suke zaune. Sakamakon shi ne a wata kusurwa ka ji kik na ruri kamar tanki, ka matsa taku biyu ka ji ya ɓace. Faifan ƙarfe kuma su doki tayil da silin su dawo cikin kowane makirufo da ƙara mai soka kunne. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya maganin wannan. Ɗan abin da yake yi a siririn sauti ne, ƙasan kuwa yana nan daram, kuma ba ya hana ƙara fita zuwa maƙwabta. Diram-set na wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara cikin sauƙi, a gidan haya wannan kaɗai ya isa rigima.

Sai lissafin kaya. Mafi ƙarancin tsarin da ke ba da sakamako mai kyau shi ne makirufo huɗu: ɗaya a kik, ɗaya a siniya, biyu a sama. Kenan sawunkad mai ƙofa huɗu, sanduna huɗu, wayoyi huɗu. Ga fatun da sai an sauya in sun mutu, ga ɗaurin gangar da sai wanda ya iya. Alhali samfur ɗin da ke cikin manhajojin ganguna irin EZdrummer, Addictive Drums ko Superior Drummer an naɗe su ne a manyan ɗakunan da aka gina musamman don haka, da makirufo masu yawa. Ko na kyauta irin MT Power Drum Kit 2 ya fi abin da ɗakin nan zai ba ka. Ba za ka ci wannan gasar ba, kuma babu dalilin shigarta. In har waƙa ta nace sai mai diram-set na gaske, hanya biyu ce: ka kama situdiyo mai babban ɗaki na yini ɗaya, ko a samo gangar lantarki ya buga a kanta ka naɗi MIDI ta wayar USB. Ta biyun tana ba ka hannun mutum da sautin samfur a lokaci guda, babu ruwanka da ɗaki.

Kalangu kuwa wani abu ne daban. Ganga ce mai fuska biyu, da tsirkiya da ta haɗa fuskokin. Makaɗi na rataye ta a hammata, ya matse tsirkiyar muryar ta hau, ya sassauta ta sauka, kuma yana yin haka ne a daidai lokacin da yake bugu, har bayan bugun ma, sautin na cikin iska yana lanƙwasa shi. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya, da hawa da saukar murya ake bambance su. Wannan hawa da saukar ne kalangu ke bi, shi ya sa mai ji yake tsinto kirari ko suna a cikin kiɗan. Ka saurari yadda makaɗan Alhaji Mamman Shata ke yi: ya jefa magana, kalangu ya karɓe ta ya mayar masa. Samfur bugu ɗaya ne da ya daskare a murya ɗaya. Lup na kalangu kuma maganar wata waƙa yake yi, wadda aka buga shi dominta. In ka ɗora baitinka a kai, bakinka na faɗin abu ɗaya, ganga na faɗin wani. Ko wanda bai san kiɗa ba zai ji akwai abin da bai zauna ba, sai ya ce maka ba rai. Kana iya jan muryar samfur sama da ƙasa da linzamin kwamfuta, amma kafin ka kwaikwayi jimla ɗaya ka ɓata awa guda, makaɗi kuwa a numfashi ɗaya zai yi ta.

Abin daɗin shi ne waɗannan kayan namu ba sa buƙatar abin da ba ka da shi. Makirufo ɗaya ya isa, kuma tun da kusa ake sa shi, ɗakin ba ya shiga sosai.

Ga yadda ake yi. Da farko ka gina gindin kiɗan a kwamfuta: kik, abin kaɗawa, bes, fiyano kaɗan, da muryar gwaji da ka rera ko da ba ta yi kyau ba. Muryar nan wajibi ce, don ita makaɗin zai amsa. Ka tura masa ta waya kwana biyu ko uku kafin ranar, ya saba da ita. Ranar ɗauka, kada ka zaunar da shi a tsakiyar ɗaki, kada kuma a kusurwa. Wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin ya fi. Shimfiɗa kafet ko darduma biyu a ƙarƙashinsa, jingina katifa a bangon da ke bayansa, rataya bargo mai kauri a gefe, ka bar tazarar kamar tafin hannu tsakanin bargon da bango, don tazarar na ƙara masa shan sauti. Kashe fanka. In da hali ka yi aiki da batir ko inbata, domin gurnanin janareta na bin ƙasa da bango ya shiga sandar makirufo, kuma cire shi daga baya yana tafiya da naman gangar. In rufin kwano ne kuma hadari ya haɗo, ɗaga aikin.

Makirufo mai jure ƙara irin Shure SM57 ko SM58 ya fi dacewa da ɗakin da ba a gyara ba, don ba ya kwaso nesa. Sa shi santimita 20 zuwa 30 daga fuskar da ake bugawa, a ɗan karkace, yana kallon tsakanin tsakiya da gefen fata, inda makaɗin ba zai doke shi ba. In ka matso ƙasa da santimita 10, ƙasan sautin zai kumbura, kuma duk motsin da ya yi za ka ji ƙarfin na hawa da sauka. Mai kalangu kuwa ba ya zama kamar gunki, jikinsa duka ke kiɗan. Ka yi masa alama a ƙasa da tef inda ƙafarsa za ta tsaya. In makirufonka kondensa ne mai buƙatar wutar 48V, ja shi baya zuwa santimita 40 ko 50, ka ƙara bargo. Naɗi a 24 bit, 48 kHz ko 44.1 kHz. Ka ce ya buga mafi ƙarfin da zai buga, ka saita ƙarfin shigar sauti a ƙofar sawunkad yadda ƙololuwar za ta tsaya wajen -12 dB. Dalili: makaɗi in kiɗa ya yi masa daɗi sai ya ƙara ƙarfi fiye da na gwaji, kuma bugun da ya fashe a ɗauka ba ya gyaruwa.

In ka samu makirufo na biyu ka sa a fuskar baya, akwai tarkon da ke jiranka. Lokacin da aka doki fuskar gaba ta shiga ciki, ta baya fita take yi. Makirufo ɗaya na jin ja, ɗaya na jin turi, in ka haɗa su sai su cinye juna, gangar ta koma siririya kamar gwangwani. Maganin shi ne ka danna maɓallin juya igiyar sauti a layi ɗaya, ka saurara, ka bar wanda ya fi kauri. Haka kuma bambancin nisa na santimita 34 tsakanin makirufo biyu yana kawo jinkirin milisakan 1, wanda ke huda rami a wajen 500 Hz. Ka buɗe hoton sautin sosai, ka ja ɗaya har farkon bugun ya yi daidai da na ɗayan. Wanda wannan ya yi wa yawa, ya tsaya a makirufo ɗaya. Ɗaya mai kyau ya fi biyu masu faɗa.

Fata kuma tana da yanayinta. Da hunturu takan bushe ta ɗaure, muryar ta hau ta yi kaifi. Da damina takan sha laima ta saki, ta yi dukum, shi ya sa za ka ga makaɗa na shanya ganga a rana ko suna gasa ta nesa da wuta kafin su fara. Abin da wannan ke nufi a wurinka shi ne ka gama waƙa ɗaya a zama ɗaya. In ka ɗauki rabi yau, rabi bayan mako biyu, wurin haɗin zai fito fili. In ɗakin na da na'urar sanyaya ɗaki, a shigo da gangar minti 20 ko 30 kafin a fara, ta saba da iskar. Kotso da ake bugawa da yatsu, mai danƙo a tsakiyar fata, irin wanda Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi waƙa da shi, sautinsa ya fi laushi, sai a matso da makirufo kusa. Ganga mai zaga kuwa, zagar nan da ke karkarwa a kan fata ita ce daɗinta, kada ka ɗauke ta a matsayin datti ka goge.

Inda aka fi samun matsala da makaɗan gargajiya shi ne wajen bin lokaci. Mutum ya shekara talatin yana kiɗa a fagen biki da dandali, shi ke jan lokaci, mawaƙi da 'yan rawa na tafiya tare da shi. Ka sa masa hedifon da ƙarar metironom, na'urar ƙirga lokaci, ƙwas ƙwas a kunne, sai ya rikice, kai kuma ka zaci bai iya ba. Ya iya. Cire metironom ɗin, ka ba shi lup na abin kaɗawa ko tafi, ya ji kamar da abokin kiɗa yake. Hedifon ya zama rufaffe don kada sautin ya zubo cikin makirufo, in ya fi son jin gangarsa a fili ya zame kunne ɗaya, kai kuma ka kashe wannan ɓangaren. Kada ka ba shi hedifon na Bluetooth, jinkirinsa kan wuce milisakan 100. Sannan ka duba bafa a saitin sauti, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi. A 48 kHz, bafa 128 jinkirin milisakan 2.7 ne a hanya ɗaya, 1024 kuwa ya haura 21, kuma shiga da fita ninki ne. Makaɗin da ke jin bugunsa a makare dole ya yi ta jan ƙafa. Yi amfani da direban ASIO na sawunkad ɗinka, ka kunna maɓallin sauraro kai tsaye da ke jikinsa, shi ba ya bi ta kwamfuta.

In duk da haka ya fi sakewa ba tare da komai a kunne ba, juya tsarin. Naɗe shi da mawaƙi su kaɗai, sannan ka sa kwamfuta ta bi shi, kana saita sauri awo bayan awo. Ya fi cin lokaci, amma a waƙar yabo ko ta gargajiya, inda kiɗa ke ƙara zafi a hankali har ƙarshe, wannan ƙarin saurin shi ne armashin.

Ka ɗauki aƙalla zubi uku cikakku, da na huɗu da za ka ce masa ya yi abin da ransa ke so. Sau da yawa a na huɗun ake samun abin da ya fi. Wajen gyara kuma ka riƙe hannunka. Kada ka danna kwantayiz, maɓallin da ke daidaita bugu da layukan awo, ka ja kowane bugu kan layi. Yawancin kiɗanmu a kan uku-uku yake tafiya, abin da ake rubutawa 6/8 ko 12/8, sau da yawa uku na gudana a kan biyu. A sauri 100, wato bugu 100 a minti, bugu ɗaya milisakan 600 ne. In ka raba shi huɗu, 150 kenan, in ka raba uku, 200. Wanda ya bar layukan awonsa a kan huɗu ya kwantayiz kiɗan uku, ya karya masa ƙafa. Ko layukan na daidai, makaɗi na ɗan gabatar da wani bugu ya jinkirta wani da gangan, nan ne rawar take. Gyara wanda ya fita fili kawai, wanda kunne ya kama kafin ido ya gani. Mafi kyau ma, ka matsar da samfur ɗinka su bi shi.

Yanzu ga ɓangaren samfur, domin rashin ran da ake faɗa maka, rabinsa daga nan yake, kuma gyaransa ba ya cin ko kwabo.

Abu na farko ƙarfin bugu. A MIDI daga 1 zuwa 127 yake. In ka jera hayihat duka a ƙarfi ɗaya, abin da za ka ji keken ɗinki ne. Hannun mutum ba ya haka. Gwada jeri irin 95, 65, 82, 60, ka maimaita da ɗan bambanci a awo na gaba. Siniya ta zauna tsakanin 100 da 115, ka ajiye 127 don wurin da waƙa ta kai ƙololuwa. Ka sa ƙananan bugu na ɓoye a 25 zuwa 45 tsakanin manyan, waɗanda ba a jin su sosai amma in an cire sai a ji wurin ya yi fayau. Sai dai wannan ba ya aiki sosai in samfur ɗinka fayil ɗaya ne, domin ganga in an buga ta a hankali ba ƙara kawai take ragewa ba, launin muryarta ma sauyawa yake. Nemi kayan da aka naɗi kowace ganga a matakan ƙarfi da yawa, kuma kowane mataki da bugu daban-daban da ke karɓa-karɓa. A FL Studio, manhajar ganguna ta FPC na ba ka damar ɗora fayiloli da yawa a kan maɓalli ɗaya ka raba musu matakan ƙarfi.

Na biyu lokaci. Bar kik a kan layi, shi ne turke. Siniya ko tafi ka jinkirta shi milisakan 5 zuwa 15 in kana son kiɗa ya kwanta, ka gabatar da shi kaɗan in kana son ya yi gaba. Maɓallin da ke watsa bugu barkatai da sunan kwaikwayon mutum, kada ka dogara da shi. Makaɗi ba kuskure yake yi barkatai ba, yana da ɗabi'a da ke maimaituwa. Hanya mafi inganci ita ce ka buga da yatsunka a kan fiyano ko fad (maɓallan roba na buga ganga da yatsa), sannan ka kwantayiz da ƙarfin kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari.

Na uku, ka tuna mai diram-set hannu biyu gare shi da ƙafa biyu. In yana zagaya ganguna a ƙarshen baiti, hayihat ba zai ci gaba da bugawa da sanda ba. Kuma hayihat ba ya zama a buɗe da rufe a lokaci guda, don haka ka sa su a rukunin yanke juna, na rufe ya katse na buɗe. Ƙaramin abu ne, amma kunne na ganewa.

Game da lup na sauti, kada ka ja shi nesa da saurin da aka buga shi. Lup na 100 zai jure tsakanin 92 da 108 ba tare da an lura ba. In ka wuce haka, kaifin bugun ya fara narkewa, ka ji kamar ana kiɗa a cikin ruwa. In kuma ka ja shi ta hanyar da murya ke bin sauri, kowane kashi 6 cikin ɗari na ɗaga shi rabin mataki, sai ya yi karo da bes ɗinka. Gara ka yanka shi bugu-bugu da Slicex, manhajar yanka lup da ke cikin FL Studio, ka sake jerawa. Kuma kada ka bar lup ɗaya ya yi ta juyawa minti biyar. Duk awo 4 ko 8 wani abu ya sauya: cire kik na awo ɗaya kafin amshi, ƙara tafi a amshi, rage kaya a baiti na biyu.

Akwai kuma maganar haƙƙi. Lup da ka yanko daga waƙar wani ba naka ba ne, ko da daƙiƙa biyu ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare sautin da aka naɗa, ta kuma kare mai bugawa, kuma na'urar tantancewa ta YouTube na iya kama shi ta karkatar da kuɗin waƙarka. Ko lup da ka saya da lasisi, dubban mutane na da irinsa, kuma in wani ya riga ka yin rajistar waƙar da ke ɗauke da shi tsirara, ƙorafi na iya faɗowa a kanka. Ka ajiye shaidar saye, ka kuma sarrafa lup ɗin kafin ka yi amfani da shi.

Wannan ya kawo mu ga shawarar da na fi so ka ɗauka: ka haɗa rumbun samfur naka. Kayan da ake sayarwa a intanet cike suke da jembe da konga, abin da ake kira gangar magana a cikinsu kuma galibi ta Yarabawa ce, wadda ɗaurinta da salonta suka bambanta da kalangu. Ranar da makaɗi ya zo, bayan an gama waƙa, ka ƙara minti 30. Ya ba ka murya uku, ƙasa da tsakiya da sama, kowace a ƙarfi uku, kowane ƙarfi bugu huɗu. Fayil 36 kenan. A bar daƙiƙa biyu tsakanin bugu da bugu don wutsiyar sautin ta mutu da kanta. Ƙara da bugun da ake lanƙwasawa sama da wanda ake saukarwa, sai gajerun salo a sauri uku da ka fi aiki da su. Yanke kowane fayil dab da farkon bugu, ka sa ɗan dusashewa na milisakan 10 a ƙarshe, ka ba su suna mai ma'ana. Haka za ka yi wa ƙwarya, duma da tafin mutum uku ko huɗu. Amma ka gaya masa gaskiyar abin da za ka yi da su. Kuɗin buga waƙa ɗaya daban, kuɗin sautin da za ka yi shekaru kana amfani da shi daban. Ku yi yarjejeniya a rubuce ko a gaban shaidu, ka sa sunansa a jikin waƙa. Mutanen nan gadon gidansu suke ba ka, kuma fiyano ya riga ya rage musu kasuwar biki.

Wajen haɗa sauti, aikin shi ne samfur da ganga mai rai su zama kamar a ɗaki ɗaya aka buga su. Samfur na zuwa a goge, a matse, kalangunka kuma ɗanye ne. Yanke masa abin da ke ƙasa da 80 ko 90 Hz don ya bar wa kik da bes wuri. In yana ƙarar kwali, rage desibel 2 ko 3 a tsakanin 300 da 500 Hz, amma da taka-tsantsan, don muryarsa ma a yankin take. Kwamfuresa, mai danne sautin da ya yi ƙarfi da yawa, a 3:1, farmakinta, wato saurin fara dannewa, a jinkirce wajen milisakan 15 zuwa 25 don kan bugun ya wuce, tana rage desibel 3 zuwa 4 kawai. Sannan ka buɗe amsa-kuwwa guda ɗaya ta ƙaramin ɗaki, mai tsawon daƙiƙa 0.5 zuwa 0.8, ka tura kowa cikinta kaɗan kaɗan, har da siniya da tafin samfur. Ita ce ke ɗinke su.

Kalangu da muryar mutum a unguwa ɗaya suke zaune, shi ya sa in suna magana tare ake rasa kalmomin waƙa. Ikwalaiza, mai rage ko ƙara wani yankin sauti, ba ta raba wannan gardama, tsari ne ke raba ta. Lokacin da mawaƙi ke baiti, kalangu ya riƙe salo mai sauƙi a ƙasa. In ya ja numfashi, kalangu ya fito ya yi magana, kamar yadda 'yan amshi ke yi. Faɗa wa makaɗin haka tun kafin ɗauka, ko da yake wanda ya saba bin mawaƙi ya riga ka sani.

Kafin ka fitar da waƙar, saurare ta a sifikar waya da ƙaramar sifikar Bluetooth, don a nan yawancin masu sauraronka za su ji ta. Sifikar waya ba ta fitar da abin da ke ƙasa da wajen 150 zuwa 200 Hz, saboda haka kik mai zurfi irin na na'urar ganguna ta 808 ɓacewa yake yi gaba ɗaya. Ɗora masa wani samfur mai ɗan kaifi a wajen 2 zuwa 4 kHz, ko ka ɗan ƙona shi, wato ka gurɓata sautin kaɗan da gangan, don ya haifi muryoyin sama da waya za ta iya furtawa. Ka kuma mayar da waƙar gaba ɗaya zuwa mono, wato dama da hagu a haɗe a layi ɗaya, ka ji. In kalangu ya sirance a nan, koma kan makirufo biyun nan ka sake duba juyin igiyarsu.